Waƙar da Na Tsallake a Maraɗi

Ranar sadakar bakwai ta Umma saƙon ya shigo wayata. Ina zaune a zaure ina amsa gaisuwa, na ji wayar ta motsa a aljihu. Ban duba ba sai da aka shafa fatiha mutane suka fara tashi. Daga makarantarmu ne. An zaɓe ni cikin ɗaliban da za su yi koyon aikin koyarwa a waje, an tura ni Maraɗi, wata uku, in koyar da adabin Ingilishi a wata sakandare mai zaman kanta. Tun kafin ciwon Umma ya yi tsanani na cike takardar neman, ita ce ma ta matsa mini in cike. Na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da naɗe tabarmi.

Tun da na dawo Zariya, duk abokin da na haɗu da shi sai ya ce, "Aminu, yaya Nijar?" In ce lafiya lau, ya ce ba wannan yake tambaya ba. Ni kuwa ba gwanin hira ba ne. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, mai so ya karanta.

Shekarata ta ƙarshe ce, kuma ba a ba mutum takardar gamawa sai ya ci wannan koyon aikin. Cin nasa kuwa rana ɗaya ce tak: ranar da malama za ta zo daga makarantarmu, ta zauna a bayan aji, ta kalli darasi guda. In ka faɗi, ka maimaita shekara. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, ƙannena mata biyu sun koma gidan Kawu, kowa yana jiran in gama in kama aiki. Da na ce wa Kawu ina ganin in haƙura da tafiyar, sai ya ce, "Zamanka a nan zai dawo da ita ne? Tashi ka tafi." Bayan arba'in da kwana biyar na tafi.

Na bi ta Funtuwa na kwana a Katsina, da safe na shiga motar Jibiya. Daga nan aka zuba mu a wata ƙaramar mota wadda kayan cikinta sun fi mutanen yawa. Wata mata mai katan-katan na taliya ta ɗora mini guda a cinya ba tare da ta tambaye ni ba, ta ce, "Riƙe mini, ɗan makaranta, ai kai ba ka da komai." Ina da jaka biyu, ɗaya duk littattafai.

Jakar littattafan ce ta tsayar da mu a kan iyaka. Jami'in da ke duba kaya ya buɗe ta, ya ɗaga guda, ya ɗaga wani, ya dube ni.

"Saidawa za ka yi?"

"Koyarwa zan yi, ranka ya daɗe."

"Mi kake koyarwa?"

"Ingilishi."

"Angile!" Ya rufe jakar da kansa. "Ɗiyata na lise, babbar sakandare. Kullum sai ta ce in saya mata waya babba don ta koyi Angile. Ka ga malami ya zo da ƙahwarshi, ba waya. Wuce, Allah shi taimaka."

Na yi zaton in na tsallaka iyaka zan ga wata duniya. Gonakin hatsi ne dai irin namu, an gama girbi, dammuna a jere bakin hanya. Allunan hanya ne kawai suka koma Faransanci. Muka tsaya Ɗan Isa aka sake duba takardu, mai taliya ta karɓi katan ɗinta ta sauka ko sannu babu.

A tashar Maraɗi na tare ɗan acaɓa, wanda su ke ce wa kabu-kabu. Suna da yawa kamar fara.

"Ina za ka?"

"Unguwar Zariya."

"Daga ina kake?"

"Daga Zariya."

Ya kashe babur ya juyo. "To mi ya hito da kai?"

Wannan ce dariyata ta farko tun rasuwar, kuma na ji kunyar yin ta.

Makarantar ta sama mini ɗaki a gidan gwaggon shugabanta, wata dattijuwa da ake kira Inna Mairo. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse, ita kuma tana kiwon raguna uku da take kira da sunayen tsofaffin manemanta. Ta kawo mini ruwa da fura, ta zauna tana kallona har na sha rabi. Sannan ta fara gaisuwa, ina gajiya, ina hanya, ina mutan gida.

"Mahaihiyarka na nan lahiya?"

Na ce, "Lafiya lau."

Ban shirya yin ƙarya ba. Kwana arba'in da biyar na yi duk wanda ya kalle ni sai ya sauya fuska. Ga gari inda ba wanda ya sani, ga mace tana tambayar Umma kamar mai rai. Bakina ya riga ni. Daga ranar kuwa, duk safiya in na fito zan tafi makaranta, sai ta ɗago daga wajen ragunanta ta ce, "Bazazzagi, in ka kira uwarka ka gaishe min ita." Ni kuma in ce, "Za ta ji, Inna."

A makaranta abin da ya fara ba ni wuya shi ne sunan da aka ba ni. Malami namiji a can Mushe ake ce masa. Na yi kwana uku kafin in daina waiwaye in ga ko wani abu ya mutu a bayana. Ajina na 'yan shekarar kusa da ƙarshe ne, su arba'in da ɗaya, yawancinsu iyayensu na son su tsallako Najeriya karatu, shi ya sa aka ƙara musu darasin adabi. Ban taɓa ganin littattafan rubutu masu tsafta irin nasu ba. Kowane take sai an ja masa layi da rula, jan biro daban, shuɗi daban. In na yi rubutu a allo ya karkace, sai in ji aji ya yi tsit, suna jiran in gyara.

Kuma su mutanen hadda ne. Duk abin da ka rubuta, gobe za a karanto maka shi da ka, har da inda ka yi kuskure. Tun daga firamare haka aka saba musu: a ba yaro waƙa, ya haddace, ya tashi ya rera da wata murya mai hawa da sauka.

Makinsu a kan ashirin ne, ba ɗari ba. Aikin gida na farko, shugabar ajin, wata yarinya mai suna Nana, ta yi shi ba kuskure, na ba ta sha tara. Kafin azahar labari ya kai ɗakin malamai. Malamin lissafi, Mushe Yakuba, ya ja kujera ya zauna gabana kamar mai shirin yi mini wa'azi.

"Malam Aminu, nan ba a haka. Ashirin ta Allah ce. Sha tara ta wanda ya rubuta littahin. Sha takwas taka ce, kai malami. Yaro in ya kai sha biyar, a yanka kaza a gidansu."

"To in ta yi daidai fa?"

"Sai ka nemo abin da ba ta yi ba."

Daga nan muka zama abokai.

Malamin da ya gabace ni ya bar ɗan littafin da ya haɗa wa ajin: gajerun labarai uku, wasan kwaikwayo ɗaya, waƙoƙi takwas. Shi ne manhajata. A makon farko na zauna a ɗaki da niyyar karanta shi duka. Waƙa ta biyar baiti shida ce. Wani ne ya dawo daga binne mahaifiyarsa, ya shiga ɗakinta, yana duban kayanta ɗaya bayan ɗaya. Na kai baiti na biyu na rufe littafin. Da lokacin waƙoƙi ya zo, muka yi ta huɗu, na ce su buɗe ta shida.

Nana ta ɗaga hannu. "Mushe, ta biyar hwa?"

Na ce, "Za mu dawo mata."

Na ga sun kalli juna, amma ban kawo komai a raina ba.

Da yake darasina ba ya wuce safiya, na sami lokacin zaga gari. Da ƙafa nake yi, don in na zauna a ɗaki tunani ke zuwa. Maraɗi garin saye da sayarwa ne. A babbar kasuwa na ga atamfofin da aka ce daga nan ake kai mana su, na ga shinkafa tsibi-tsibi, na ji ana ciniki da Hausar da ta fi tawa tsufa. Da tsakar rana kuwa gari kan yi laushi, masu shago su ja ƙofa su miƙe a kan benci, ba mai jin kunyar barci. A Sabon Gari na sami mai shayin da nake zuwa. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa da tauri. Ran farko na ce wa mai shayin ya ba ni na yau, wannan ya kwana. Ya ce, "Ɗan Najeriya, wannan yanzu ya hito wuta. Ku kun saba da mai kama da katihwa."

Na ci kopto, wato zogale da ƙuli da albasa, kusan kwaɗonmu ne sai dai sun fi mu sakin hannu da mai. Na zauna a fada, inda samari ke dafa shayi a ɗan buta, a sha sau uku. Na sha na farko na yi godiya na tashi, ashe laifi ne. Aka aiko a kira ni in dawo in ƙarasa.

Wata Asabar Yakuba ya zo da babur zai kai ni garinsu, Tibiri. Shi Bagobiri ne, Kirista, Inna Mairo kuwa Bakatsiniya, abokan wasa ke nan, don haka ba sa haɗuwa a rabu lafiya.

"Wa ya bar bawana ya shigo min gida da takalmi?" in ji ta.

"Inna, na zo duba ragunan da kike min kiwo ne. Na ga sun rame."

"Ramammu dai sun hi ƙarhin Bagobiri. Ka maido min ɗana da rana, kar ka saida shi."

Tibiri ba nisa, amma taya ta yi faci a hanya, muka tura babur har bakin gari. Gidansu gidan manoma ne, rumbuna huɗu a tsakar gida. Mahaifinsa dattijo ne mai zanen Gobirawa a kumatu, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, yana tambayata ko damina ta yi kyau a wajenmu. Da azahar ta yi, ban ce komai ba, sai ga mahaifiyar Yakuba da buta da tabarma sabuwa. Ta shimfiɗa a inuwa, ta nuna mini gabas, ta kore jikokinta daga wurin. Yakuba ya ce rabin danginsu Musulmi ne, tabarmar tasu ce. Na ci tuwon hatsi har na ji kunya. Da za mu tafi ta ce in gaida gida, in gaida mahaifiyata da kyau. Na ce za ta ji.

Jiratawa kuwa Inna Mairo ce ta aike ni. Garin lambuna ne kudu da Maraɗi, kan hanyar da na biyo. Akwai wani ɗan ajina, Sale, mai yawan surutu da kaɗa tebur, ubansa na da lambu a can. Inna ta ce in je in sayo zogale buhu guda. Na ga ruwa na bin ƙananan magudanai tsakanin fadamu, ga zogale an shuka shi layi-layi kamar dawa, ba itace ɗaya a bayan ɗaki irin namu ba. Baban Sale ya ƙi sayar mini, ya ce malamin ɗansa ba ya sayen ganye. Ya ce, "Yaya yaron, yana ganewa?" Na ce yana da ƙoƙari. Ya ce, "Ka hwaɗi gaskiya, Malam, ni na haihe shi." Na ce bakinsa ya fi alƙalaminsa gudu. Ya yi dariya har da tari, ya ce gado ne.

Da na kawo buhun, Inna ta baza ganyen a inuwa a kan zannuwa. Na ce me za a yi da mai yawa haka.

"Tsarabar uwarka ce. In ya bushe a inuwa ba ya baƙi. Ka ce mata wata tsohuwa a Maraɗi ta riƙe mata ɗa."

Na tsaya a kanta, maganar tana bakina. Rago ɗaya ya kunce ya nufi ganyen, ta tashi da ihu, na taya ta kama shi. Na shiga ɗaki ban faɗa ba.

A mako na goma saƙo ya zo cewa Dokta Hadiza, malamar da za ta duba ni, za ta iso ranar Alhamis. Mun san ta a makaranta. Ba ta da mugunta, amma ba ta ɗaga ƙafa. Dokarta biyu: darasin ya zama sabo, wanda ajin bai taɓa yi ba, kuma kada a ji kalma ɗaya ta Hausa daga bakin malami. Na buɗe ɗan littafin ina neman abin da ya rage. Labarai mun gama, wasan kwaikwayo mun gama har mun yi shi a tsakar makaranta, waƙoƙi bakwai mun gama. Saura ta biyar.

Kwana uku ina gwada karanta ta da ƙarfi a ɗaki, ban taɓa wuce baiti na biyu ba. Sai na yi dabara. Na tsara darasin yadda ba sai na karanta ba: su karanta a zuci, in fitar da kalmomi masu wuya a allo, mu yi jimloli da su, ƙararrawa ta kaɗa. Darasi ne marar rai, amma ba a faɗuwa da irinsa.

Alhamis ta zo. Dokta Hadiza ta zauna a bencin baya da takardunta, shugaban makarantar a gefenta. Na rubuta sunan waƙar a allo. Kafin in juyo, na ji motsin benci. Nana ce tsaye, tana murmushi, ta ce da Ingilishi, "Mushe, a shirye muke."

Duk ajin ya miƙe. Ba wanda ya buɗe littafi. Nana ta ɗaga yatsa, suka fara.

Daga baya na ji yadda aka yi. Tun ranar da na tsallake waƙar suka yanke cewa tarko ne. A wajensu in malami ya tsallake shafi ya ce za a dawo, to jarrabawar ba-zata yake shiryawa. Sai suka raba baitocin, suka riƙa haddacewa lokacin hutun tara, mako shida, ba wanda ya gaya mini.

Da muryar nan ta firamare suka rera ta, mai hawa da sauka. Suna rangaji. Sale na kaɗa tebur da yatsu a hankali. Da suka zo inda mai waƙar ya ga mayafin uwarsa a rataye, sai suka ɗaga murya kamar masu rakiyar amarya. Baiti shida cif, ba tuntuɓe. Ni ne ban taɓa jin ƙarshenta ba sai ranar. Suka gama suna haki, suna kallona, suna jiran yabo. Shugaban makaranta har da tafi. Dokta Hadiza na rubutu, fuskarta a sake.

Na dafa tebur. Na tambaya da Ingilishi, wa ke magana a waƙar? Suka ce wani ɗa. Daga ina yake? Sale ya ce daga tafiya. Yaya yake ji? Wata ta ce yana murna, ya dawo gida.

Na san abin da ya kamata in yi. In ce madalla, in juya allo, in fara kalmomi masu wuya. Minti talatin ya rage, kuma na riga na ci rabin makin. Na ɗauki alli. Sai na dubi fuskokinsu, arba'in da ɗaya, sun ɗauki makoki a ka mako shida suna zaton waƙar biki ce, kuma ni na jawo. Na ajiye allin.

Na ce da Hausa, "Ku zauna. Wannan mutumin daga maƙabarta yake."

Na ga alƙalamin Dokta ya tsaya.

Na faɗa musu abin da baiti na farko ke cewa, a hankali, da Hausa. Sannan na ce, a gidajenku in an yi rasuwa, yaya ake yi da kayan mamaci? Can wani daga baya ya ce ana rabawa bayan arba'in. Wata ta ce kakarta ta hana a taɓa carbin kakansu, yana nan inda ya bar shi. Sale, wanda ban taɓa jin ya yi magana a hankali ba, ya ce yayansa ya rasu bara, har yanzu in an zuba abinci uwarsu kan fito da kwano ɗaya fiye da kima, sai ta mayar. Nana kuwa tana ta kallon littafin da ta buɗe yanzu.

Sai ta ɗago. "Mushe, don mi ka tsallake ta?"

Na ce, "Mahaifiyata ta rasu kwana arba'in da biyar kafin in zo garinku."

Shi ne karo na farko da na faɗi haka da bakina. A gida kowa ya sani, ba a buƙaci in faɗa ba.

Sannan Nana ta miƙe ta ce, "Allah shi jiƙanta, Mushe. Allah shi sa ta huta." Ajin ya amsa. Na ce amin. Na koma Ingilishi, na ce to yanzu mu karanta ta yadda mai ita ya rubuta. Na karanta baiti na farko da kaina, na biyu, na wuce. Suka biyo ni layi-layi, suna gaya mini da Ingilishinsu mai ɗingishi abin da mutumin ya gani da abin da ya kasa taɓawa. Muna ƙarshen baiti na huɗu aka kaɗa ƙararrawa.

A ofis Dokta Hadiza ta sa na zauna. Ta juya takardarta.

"Minti goma sha huɗu ka yi kana Hausa. Na duba agogo."

"Haka ne, Malama."

"Ka san doka."

"Na sani."

"Kuma tsarin darasin da ka ba ni daban, abin da ka yi daban. Duk na cire." Ta rufe fayil ɗin. "Abin da ya rage ya ishe ka. Da ƙyar, amma ya isa. Ka ci." Ta cire tabarau. "Allah ya jiƙanta, Aminu. In ka zama malami, kada ka sake tsallake wa yara shafi ba ka gaya musu dalili ba."

Na taho gida da ƙafa. Labari ya riga ni, don shugaban makaranta ya kira gwaggonsa. Na sami Inna Mairo tsaye a tsakar gida, ba ta amsa sallamata ba sai a ta biyu.

"Wata biyu da rabi," ta ce. "Kullum in ce ka gaishe ta, ka ce za ta ji."

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Ni ka maida mahaukaciya? Ina shanya ma matacce ganye?"

Na durƙusa. Na ce ban san yadda zan faɗa ba.

"Yadda kowa ke hwaɗi! Ka hana ni ladan gaisuwa, ka hana ta addu'ata, ka zauna cikin ɗakina kana ci kai ɗaya kamar marar kowa." Ta goge ido da bakin zane, ta ce, "Mi sunanta?"

"Sa'adatu."

"Tashi ka hiddo tabarmi."

Na ce Inna, ai an yi wata huɗu. Ta ce gaisuwar mutuwa ba ta tsufa, wanda bai ji ba yau aka yi masa.

Kwana uku tabarmi na shimfiɗe a ƙofar gidan. Maƙwabta suka zo, limamin unguwa ya zo ya yi addu'a, mai shayina na Sabon Gari ya zo, samarin fada suka zo da butarsu. 'Yan ajina suka zo rukuni-rukuni, wasu da iyayensu. Baban Sale ya hau kabu-kabu daga Jiratawa. Ran na biyu Yakuba ya ɗauko mahaifinsa daga Tibiri, dattijon ya zauna kusa da ni ya riƙe hannuna kamar wancan karon, ya ce, "Haƙuri, ɗana." Inna ta yi dambu da zogalen nan aka raba sadaka. Ko a ranar sai da ta ce wa Yakuba ya ci kaɗan, ba don Gobirawa aka dafa ba. A zaman makokin gida ni ke ɗauko tabarma, ni ke raka baƙi, ban zauna ba. A Maraɗi na zauna.

Mako biyun da suka rage na jarrabawar ƙarshen zango ne, ba a shiga aji. Ranar da zan taho 'yan ajin suka rako ni tasha. Shugaban makaranta ya ce in na karɓi takardata, in ina so, akwai wuri. Na ce zan yi shawara da Kawu, don akwai ƙannena. Har yanzu ban ba shi amsa ba, amma ina kiran Inna Mairo duk Juma'a, ta ba ni labarin raguna.

Mota na shirin tashi Nana ta leƙo ta taga.

"Mushe, sauran biyun suna nan a kanmu, ba mu mance ba. Ma'anar ce ba mu da ita."

Na ce na sani.

Baiti huɗu muka yi. Biyun ƙarshe ban koya musu ba.